Sunayen Siffofi Masu Gefe Huɗu

Kowace siffa mai gefe huɗu, in aka tara kusurwoyinta, digiri 360 za a samu. Abin da ya raba sunayensu shi ne tsawon gefe da buɗin kusurwa.

Wadda kowace kusurwarta ta tsaya digiri 90, kamar ƙyauren ɗakin karatu, sunanta mustaɗili. In kuwa gefen nan huɗu suka zo tsawo ɗaya, ta zama murabba'i. Nan yara za su tare mu da tambaya ran da muka fara koyarwa: shin murabba'i mustaɗili ne? Uklidis, malamin Iskandariya, ya ware su. Masanan baya suka gama su, mu ma haka muka fi so, gama murabba'i ya cika sharaɗin mustaɗili duka, kamar yadda ingarma bai fita cikin dawaki ba.

Yanzu mu sami kara huɗu masu tsawo ɗaya, mu ɗaure bakunansu su zama murabba'i, sa'an nan mu danna kusurwa guda. Karan ba su ragu ko da inci ɗaya ba, amma siffar ta karkace, filin cikinta ya tsuke. Larabawa suna kiranta mu'ayyan. Ashe wanda ya sayi fili bisa awon gefe kaɗai yana iya cutuwa. Don haka magini, bayan ya daidaita gefen harsashi, yakan ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, kana ya gwada sauran biyun. In awon ya saɓa, sai ya sake kafa turaku.