RUWAN DAGWALON MASANA'ANTU DA GONARKA

Manomi, ka san ƙasa da ruwa su ne jarinka. Idan taki ya yi ƙaranci a gona, ana iya ƙara mata. Idan ƙwari suka faɗa wa shuka, akwai magani. Amma akwai wata ɓarna wadda in ta shiga ƙasa fitar da ita sai an sha wuya ƙwarai, watau gubar ƙarfe da ke fitowa daga masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai. Wannan takarda za ta bayyana maka yadda gubar take shiga gona, da yadda za ka gane ta, da abin da ya kamata ka yi.

INA GUBAR TAKE FITOWA?

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa da toka suke jima. Waɗannan abubuwa ne da ƙasa take cinyewa. Manyan kamfanonin jima kuwa suna aiki da gishiri mai yawa, da farar ƙasa, da wani sinadarin ƙarfe da ake kira kuromiyam, wanda shi ke mai da fata shuɗiya. Idan ba a tace ruwan da aka yi aiki da shi ba, to duk waɗannan suna bin lambatu su faɗa rafi.

A Kano akwai unguwannin masana'antu uku sanannu: Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ita kuma ta zuba a madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya shiga kogin Challawa. A gaɓar waɗannan ruwaye akwai masu lambu da yawa waɗanda da su suke ban-ruwa da rani.

Hanya ta biyu ita ce haƙar zinariya. A shekarar 2010 an ga abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma. Mutane suka riƙa kawo su gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta baɗe tsakar gida da rijiyoyi da abinci. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Bagega. Kafin yara su soma ciwo, mutane sun lura agwagi suna ta mutuwa, amma ba a gane dalili ba. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, sa'an nan wuraren suka zaunu. A 2015 irin wannan ta sāke aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Hanya ta uku ita ce takin juji da ake sayowa daga birni. Taki ne mai kyau, amma sau da yawa akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da tarkacen rediyo da waya, da leda.

ME YA SA TA FI SAURAN ƘAZANTA HAƊARI?

Kashin dabba da ganye suna ruɓewa su zama taki. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Dalma da kuromiyam da zaiba, in sun shiga ƙasa, nan suke zama shekara da shekaru. Kowane ban-ruwa yana ƙara kaɗan a kan na jiya, da yayyafi kuwa kogi kan cika. Shuka tana zuƙar wani kashi ta saiwa, wani kuma yana manne wa ganye tare da ƙura. Daga nan sai cikin mutum ko na dabba.

Ka lura da wannan ƙwarai: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe ƙarfe. Dafa ganye ma haka.

Wani abin da ke ruɗin manomi shi ne, ruwan dagwalo yakan sa alayyafo ya yi kore shar da farko, domin akwai ɗan abincin shuka a ciki. Kada wannan ya yaudare ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bayan 'yan shekaru gishiri zai taru, ƙasa ta daskare, amfani ya ragu.

ALAMOMIN DA ZA KA DUBA

1. Ruwa ya canza launi, ya yi baƙi, ko shuɗi, ko ja, ko yana kumfa da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza.
2. Kifi da kwaɗi sun ɓace, ko ana ganinsu matattu a gaɓa.
3. Farin ɓawo kamar kanwa a bakin fangali bayan ruwa ya tsotse.
4. Iri ba ya tsira sosai, bakin ganye yana ƙonewa alhali ba ƙishirwa.
5. Ƙafa da hannu suna ƙaiƙayi ko tsagewa bayan ban-ruwa.
6. Saniya tana tangaɗi, tana cizon haƙora, tana tunkarar bango kamar makauniya. Wannan yakan faru in ta lashi tsohon batirin mota.

Amma ka sani, dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da za ka gane. Ƙasa tana iya ɗauke da ita ido bai ga kome ba. Awo kaɗai ke tabbatarwa.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kada ka ja ruwa daga bakin lambatun kamfani ko kusa da inda yake zuba. In da hali, ku haɗa kai ku haƙa rijiya nesa da gaɓar rafin, a kuma auna ruwanta kafin a sha.
2. A kai ƙasarka awo. Ka ɗebi ƙasa daga wurare goma a cikin gonar, zurfin kamar taƙi ɗaya. Ka gauraya a bokiti mai tsabta, ka shanya a inuwa, ka zuba rabin mudu a sabuwar leda, ka rubuta sunanka da na wurin. Malamin gona zai nuna maka ɗakin binciken da za a kai.
3. Idan ana zargin fili, kada ka shuka kayan ganye kamar latas, da alayyafo, da kabeji, ko masu saiwa kamar karas. Su suka fi ɗaukar guba. Tumatir da tattasai da kuɓewa ba su kai su ɗauka ba. In awo ya nuna gubar ta yi yawa, a bar abinci ɗungum, a dasa itatuwan katako.
4. Ka yawaita takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, da ɗan tokar itace. Suna riƙe ƙarfe a ƙasa, su rage abin da shuka za ta zuƙa. Ragewa suke yi, ba kawarwa ba.
5. Ka tsince takin juji kafin ka watsa. Ka ware batura da gwangwani da leda. Kada ka ƙone su a gona.
6. A wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta, ba da ruwan rafin ba. A yar da ganyen kabeji na waje, a feraye karas.
7. Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada a shanya hatsi kusa da inda ake niƙa shi. Mai aikin ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya shiga gida.
8. Kada a shayar da dabbobi a kududdufin da ake wanke zinariya.
9. Yaron da ke yawan amai da ciwon ciki, ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita irin aikin da ake yi a garin. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki su suka fi cutuwa.

KADA KU YI SHIRU

Doka ta wajabta wa kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi. A Nijeriya an kafa hukumar NESREA a 2007 domin lura da haka, kuma jihohi suna da ma'aikatar muhalli. Kukan mutum ɗaya ba ya nisa. Ku taru a ƙungiyarku, ku rubuta ranar da ruwa ya canza da irin asarar da aka yi, ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci ku kai ƙara a rubuce.

Gonar nan gado ka same ta, kuma 'ya'yanka za ka bar wa. Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, sai ka nemi malamin gona na yankinku.