Ƙarin Ruwa ga Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kadawa da Kura da Bunkure suka sami noman shinkafa da alkama da tumatir har da rani. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke hayayyafa, kuma shan ruwan kwata yakan kawo gudawa. Idan zazzaɓi ko gudawa ya tsananta wa yaro, tilas a ba shi ruwa, ko jini, ko magani ta jijiya. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar atesunet ta jijiya ita ce ta fi dacewa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Ana yin wannan da wata siririyar roba da ake kira kanula, kuma hanyar sa ta iri biyu ce.

Ta farko ita ce wadda aka saba. Malamin asibiti zai ɗaure hannun yaro, ya nemi jijiya da ido da yatsa, sa'an nan ya soka. Jijiyar yaro ƙarama ce, in kuwa jikinsa ya bushe sai ta lafe. Saboda haka akan soka sau da yawa kafin a dace, jini ya taru a ƙarƙashin fata, magani kuma ya makara.

Ta biyu ita ce da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Likita yana ganin jijiya da bakin allura a kan allo. Ga yaron da jijiyarsa ke wuyar samu, wannan yakan sa a dace tun sukar farko. Amma ita ma da nata haɗari. Jijiyar da ake nema da ita takan yi zurfi, kusa da wadda jini ke bugawa a cikinta. In kanular gajera ce tana iya zamewa, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin nama ba a lura da wuri ba. Tana kuma bukatar gwani da tsabta, ba kuwa kowane asibiti ke da ita ba.

To, ko ta wace hanya aka sa, uwar da ke jinya ita ce mai gadi. Ga abin da za ta kiyaye:

1. Ta riƙa duba hannun, ta gwada shi da ɗayan. In ya kumbura, ko ya yi sanyi, ta kira nas nan da nan.
2. In wurin ya yi ja, ko zafi, ko ruwan ya daina ɗiga, ta faɗa.
3. Kada ta taɓa makunnin ruwan, kada kuma ta bar filasta ta jiƙe.

Ku kuma iyaye maza, kada ku yarda a ɗaura wa yaro ruwa a gida ko a kemis. Da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko ya fara jijjiga, a kai shi Babban Asibitin Kura ko asibiti mafi kusa a ranar. Yaron da aka kawo da wuri, jijiyarsa ba ta wuyar samu.