Tsaron Daji Sana'a Ce: Jan Hankali ga Mutanen Ƙasar Zuru

Jama'ar Zuru da Dabai, da Ribah da Wasagu, da Dirin Daji da Mahuta, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayen da ke da samari a gida.

A watan Mayun 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun da za su tsare dazuzzukan Nijeriya. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin daji ya kewaye mu. Gabas da mu akwai Kuyambana ta Zamfara, wadda ta miƙa har kusa da Kamuku ta Birnin Gwari. In ka yi kudu ka wuce Rijau da Kontagora, kana dab da Zugurma, ɗaya daga ɓangarori biyu na Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Kowa ya san su wa ke kwana a waɗannan dazuzzuka yau. Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa ba ya zama kango, wani ne ke tarewa.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kurmin Girmace da ke Zuru ya tsira da itatuwansa da kadojinsa saboda kakanni sun sa masa doka, an kuma bi. Zamanin En'e ma akwai malamin daji da yaransa, masu zagaya iyaka suna kama mai saran itace ba izini. Kamuku kanta a 1936 aka keɓe ta a hannun En'e, sai a 1999 ta zama gandun daji na ƙasa.

Me ake nufi da mai tsaron daji?

Da yawa suna zaton duk saurayin da aka ba kaki da bindiga aka nuna masa daji ya zama mai tsaronsa. Wannan kuskure ne mai cin rai. Ƙasar Zuru ba ta rasa jarumai ba. Gida nawa ne nan babu soja, ko tsohon soja? Amma mu tuna watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka rasa fiye da mutum 60. Allah ya jiƙansu. Zuciya ba ta gaza musu ba. Abin da suka rasa shi ne abin da horo da kayan aiki da tsari ke bayarwa.

Riƙe bindiga ɗan yanki ne na aikin. Ƙwararren mai tsaron daji yakan fita sintiri na kwanaki da ƙafa, kuma duk abin da ya gani sai ya rubuta: nan sawun ɓauna, can kashin gwanki, ga tarkon waya, ga kututturen madobiya da aka sare shekaranjiya, ga toka mai ɗumi inda wasu suka kwana. Yanzu akwai 'yar na'ura da ke nuna daidai inda mutum yake tsaye a taswira, ana yin irin wannan aiki da ita a Yankari. In an dawo a tara bayanan, shugaba ya duba ya ga inda ɓarna ta fi yawa, gobe can za a tura mutane. Sintirin da ba a rubuta ba yawo ne kawai.

Sai ya san wuta. Ana sa wa ciyawa wuta da gangan a farkon kaka, tun tana da sauran danshi, don kada gobarar tsakiyar rani ta zo ta cinye ƙananan itatuwa. Sai ya san itace da sunansa da dokarsa: kirya da masu gawayi ke bi, maɗaci da kawo da masu katako ke nema, madobiya kuwa da aka yi ta lodawa zuwa Sin, a 2017 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da ita sai da izini. Sai ya iya ɗaure rauni, ya san abin yi in kububuwa ta sari abokin tafiyarsa alhali asibiti na da nisan yini. Sannan, abin da aka fi mantawa, sai ya iya tsayawa gaban alƙali ya faɗi rana da wuri da abin da ya kama a hannun mai laifi. Kamun da ba shaida, da yamma mai laifin zai riga shi komawa gida.

Duk wannan koyonsa ake yi, kuma makarantar ba ta da nisa. A Sabuwar Busa akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji tun 1978. Ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, wadda aka kafa a 2020. Yaron da ya tashi yana bin mahaifinsa farauta ya riga ya iya karanta ƙasa. A haɗa masa da karatun takarda, a ga aiki. Tsofaffin maharbanmu kuwa, a ganina, kamata ya yi a ɗauke su malamai a biya su.

Haƙƙinsa da haƙƙin jama'a

Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa an kafa ta a 1991, dokar 1999 kuma ta ba ma'aikatanta kaki da muƙamai da ikon kama mai laifi. Kaki kuwa ba ya cika ciki. Mai gadin da ya yi wata uku ba albashi, mai zarton inji ne zai biya shi, daga ranar kuma ya san ubangidansa. Don haka albashi a kan kari, da takalmi, da rediyon kiran ɗauki, da rubutacciyar diyya ga iyali in ta Allah ta kasance, duk cikin tsaron dajin suke.

Ga misali daga Chadi. A gandun Zakuma, giwaye sun ragu daga wajen 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, saboda mahaya dawakai masu neman haure. A 2010 ɗin gwamnatin ƙasar ta miƙa gudanarwa ga ƙungiyar African Parks. Aka sake horar da ma'aikata, aka sa su zauna a dajin har da damina, aka raba rediyo a ƙauyukan kewaye don mutane su riƙa ba da labari. Kisan ya kusan tsayawa cak, giwaye suka koma haihuwa. A lura da wannan na rediyon: ƙauye ne idon mai tsaro.

To, ƙauye ba ya zama idon wanda ke cutarsa. Matar da ta je tsintar kaɗanya ko ɗorawa a bakin daji kada a mai da ita abin tatsa. Makiyayin da ke bin burtalinsa a nuna masa iyaka da ladabi, in ya ƙetare a kai shi inda doka ta ce, ba a yanke masa hukunci a gindin itace ba. Wanda ya shiga aikin don ramuwar gayya a kan wata ƙabila, a tuɓe masa kaki tun bai jawo wa garinsu wuta ba. Guraben aikin kuma kada su zama rabon 'yan siyasa, a aiko sunan wanda bai taɓa kwana a daji ba.

Sauran magana ɗaya. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da Falgore ta Kano, da Kogo ta Katsina, da Allawa ta Neja. Babu ko ɗaya a Kebbi. Ke nan keɓaɓɓun dazuzzukanmu suna wuyan gwamnatin jiha ne, tambaya a kansu kuwa Birnin Kebbi za a kai ta, ta hannun hakimai da 'yan majalisarmu. A nemi taswirar iyakar kowane gandu, a ji ma'aikata nawa ke kansa da abin da aka ware musu a kasafin bana. Kai kuma uba, kafin ɗanka ya sa hannu, ka ce a nuna maka takardar ɗaukar aiki, ka ji wata nawa ne horon, da ofishin da zai riƙa biyansa.