Filin Shawara: Fedar Wah da Ƙafar da Ba Ta Hutawa

Anti, ni matashi ne a Agadas, ina kaɗa jita a gidajen biki. Na tara ɗan kuɗi ina son sayen fedar wah, wadda ke sa jita ta yi kamar tana kuka. Yayana da ke Legas ya ce in faɗi irin da nake so ya aiko min. Abokina kuma ya ce in zaɓi mafi tsada kawai. Wacce zan ce ya saya?

Ɗana, abokinka ba da aljihunsa yake magana ba. Fara sanin abin da za ka taka tukuna. Wah ba ta canza tsayin sautin da ka kaɗa, launinsa take sauyawa. A cikinta akwai matata mai ɗaga wani yanki na sautin ta danne sauran. In ka danna da diddige sai sautin ya yi kauri, ya dushe. In ka tura da yatsun ƙafa sai ya buɗe, ya yi kaifi. Ka ce "uu" sannan ka buɗe baki ka ce "aa", aikinta ke nan. A 1966 wani injiniya, Brad Plunkett, ya ƙirƙiro ta a kamfanin Thomas Organ na Amurka, ta shiga kasuwa a 1967 ɗauke da sunan Clyde McCoy, mai busa ƙaho da ya yi suna wajen fitar da irin wannan sauti da murfin bakin ƙahonsa.

Ka ce wa yayanka ya nemo Cry Baby GCB95 ta kamfanin Dunlop, ko Vox V847. Ba su da maɓallai barkatai, jikinsu ƙarfe ne, kuma duk mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya buɗe su. Masu tsadar da ke ɗauke da sunayen shahararrun makaɗa an daidaita su ne da kunnen wani.

Sai dai kai a Agadas kake, kuma ƙura ba ta barin kowa. Waɗannan biyun suna da ɗan ƙarfe mai haƙora da ke juya wani maɓalli irin na ƙarar rediyo. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta shige shi, ka ji ƙarar "ƙyas-ƙyas" duk lokacin da ka motsa ƙafa. Ana wanke shi da man fesawa na kayan lantarki, in ya ci sosai a sauya shi. In ba ka son wannan wahala, fedojin Morley da haske suke aiki, babu abin da ke goguwa. In ta hannu yayanka zai saya, ya haɗa ta da amfilifaya a shagon, ya taka a hankali daga diddige har ƙarshe yana saurare. Batirinta mai bolt 9 ne. Ka riƙa zare wayar jita in ka gama, in ba haka ba ya ƙare kana barci. Wajen jerawa kuma, jita, sai wah, sannan fedar distoshan.

Anti, ni mawaƙiya ce a Jos. Mai jitarmu ya sayi wah wata uku da suka wuce, tun daga nan babu waƙar da ba ya taka ta. Har muryata ba a ji. Ƙanin mijina ne, ina jin nauyin yi masa magana.

Ƙanwata, ba kunnenki ne ya lalace ba. Yankin da wah ke ɗagawa, daga kusan haz 400 zuwa sama da 2,000, nan ne muryar mutum take zaune. In yana takawa kina waƙa, ku biyu kuna kokawa ne a wuri guda, shi kuma yana da amfilifaya.

Ciwon sabon mai wah sananne ne: ƙafa ta kama bin ganga, sama ƙasa, sama ƙasa, ko waƙar na so ko ba ta so. Wani lokacin ma ɓoye raunin yatsu ake yi da ita, amma wannan kada ki faɗa masa. Ki ɗauki atisayenku a waya, ku saurara gaba ɗayanku, ki bar shi ya ji da kansa. Sannan ki kunna masa "Theme from Shaft" ta Isaac Hayes, ta 1971, inda Charles Pitts ya danne tsirkiya da hannun hagu ya mai da jita abin kiɗa kamar ganga. Ki bi ta da "Voodoo Child (Slight Return)" ta Jimi Hendrix, ta 1968, ya ji yadda ƙafa ke buɗewa daidai kan sautin da ake son ya yi magana. Akwai kuma dabarar mai jita Michael Schenker: a kunna fedar, a tsayar da ita a tsakiya, a ɗauke ƙafa.

Ku yi yarjejeniya: kina waƙa ya kashe, kin yi shiru filin nasa ne. Ki faɗa masa a wajen atisaye a matsayinki na mai riƙe da makirufo. Kada ki bi ta wajen mijinki, don maganar jita in ta shiga gida sai ta koma maganar dangi.