Ɗaukar Hoton Ƙananan Halittu: Kayan da Mai Farawa Yake Bukata

A farkon shekarar 1916 babu wanda ya san tsutsar Spodoptera frugiperda a Afirka, haka kuma aka ci gaba har tsawon shekara ɗari. Sai a farkon 2016 aka fara ganinta a gonakin masara na kudu maso yammacin Nijeriya, bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, kuma cikin 'yan shekaru ta bazu kusan ko'ina a nahiyarmu. Abin da ke bambanta ta da sauran tsutsotsin masara alamu ne guda biyu ƙanana: wani farin zane a kanta mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi kusurwa huɗu a kusa da ƙarshen jikinta. Malamin da ya iya ɗaukar hoton waɗannan alamu tangaran ya sami abin koyar da aji guda, ya kuma sami abin nuna wa malamin gona. Irin wannan hoto shi ake kira makro, wato hoton ƙaramin abu daga kusa ƙwarai.

Kafin a yi maganar saye, sai a fahimci ma'auni ɗaya. A cikin kowace kyamara akwai faranti mai karɓar haske, wanda ya maye gurbin fim na da. Idan siffar abu ta sauka a kan wannan faranti daidai da girman abin a zahiri, sai a ce an sami ɗaya bisa ɗaya, a rubuta 1:1. Idan rabin girmansa ne, 1:2 ke nan. Babban faranti faɗinsa milimita 36 ne, tsawonsa 24. Na yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi kuwa faɗinsa kimanin milimita 23 ne.

To, a nan ne shawara take. Tsutsar da muka ambata takan kai santimita 3 zuwa 4 idan ta girma, saboda haka a 1:1 ba za ta ma shiga ƙaramin faranti ba. 1:2 ya wadatar. Amma ƙwaron wake, wanda bai wuce milimita 3 ko 4 ba, a 1:1 kashi ɗaya cikin bakwai kawai na faɗin hoton zai cike. Ƙwansa da yake mannawa a jikin wake bai kai milimita ɗaya ba. Ashe ke nan mai farawa ya fara ɗaukar rula ya auna abin da yake son ɗauka, sa'an nan ya nufi kasuwa.

Gilashin da ake haɗawa da kyamara a sayar, mai lamba 18-55, yakan tsaya a wajen 1:3. Ya isa ga fure, da ganye, da fara. Wanda ke son fiye da haka, hanya mafi arha ita ce zoben juyi: a ɗaura gilashin a baibai, bayansa na kallon ƙwaron. Tsohon gilashi mai milimita 50 idan aka juya shi yakan ba da kusan 1:1, mai milimita 28 kuwa kusan ninki biyu. A nemi tsohon yayi mai zoben ƙofar haske a jikinsa, domin da zarar an juya gilashi kyamara ba ta da sauran iko da shi.

Hanya ta biyu ita ce bututun ƙari, wanda ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Babu komai a cikinsa sai iska, aikinsa nisanta gilashi daga faranti. Lissafinsa mai sauƙi ne, ɗalibin aji huɗu zai iya shi: a raba tsawon bututu da lambar gilashi. Bututu mai milimita 25 a kan gilashi mai 50 yana ƙara 1:2, mai 50 a kan mai 50 yana ba da 1:1. Akan sayar da su uku a haɗe, masu milimita 12, 20 da 36. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da makarantar sakandare, domin ba ta rage ingancin gilashi, ga shi kuma darasin fiziks ne a hannu. Akwai kuma gilashin ƙari da ake maƙalawa a gaba, kamar Raynox DCR-250, wanda ya fi amfani a kan dogon gilashi. A kan mai milimita 100 yana ba da kashi 8 cikin 10 na girman abu.

Gilashin makro na ainihi shi ne sarki, sai dai tsada. Tamron na da mai milimita 90, Canon mai 100, Nikon mai 105, duka suna kai 1:1. Fifikonsu a kan masu milimita 50 ko 60 shi ne tazara: a 1:1 sukan bar kamar santimita 14 tsakanin bakin gilashi da ƙwaro, gajerun kuwa ƙasa da 10. Wanda ya taɓa ƙoƙarin matsawa kusa da sauro ya san darajar wannan tazara. Ga shi kuwa hoton sauro na da amfani, domin tamatar Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, tana zama a karkace da bayanta sama, kuma 'yan gaɓoɓin da ke gefen bakinta sun kai tsawon bakin, alhali na tamatar Culex gajeru ne. Canon MP-E 65, wanda ya fito a 1999 kuma yake ninka abu har sau biyar, ba na mai koyo ba ne.

Amma duk gilashin da aka saya, matsala biyu na nan suna jira, kuma su ne ke karya gwiwar masu farawa. Ta farko, wurin da ke fita tangaran siriri ne ainun. A 1:1, idan ƙofar haske tana f/8, kaurinsa bai wuce kusan milimita ɗaya ba. Kan tsutsa ya fito, jikinta ya dushe. A tsuke ƙofar zuwa f/16, sai ya koma kusan milimita biyu. In aka wuce nan kuma, haske yakan tarwatse a bakin ƙaramar ƙofa, hoton duka ya yi laushi. Ta biyu, a 1:1 hasken da ke isa faranti kashi ɗaya cikin huɗu ne na wanda aka saba samu. Ƙofa a tsuke, haske ya ragu, hannu na rawa, iska na kaɗa ganye.

Don haka nake ba da shawara cewa wanda kuɗinsa bai da yawa ya sayi bututu da filasha, maimakon ya ƙarar da komai a kan gilashi mai tsada. Walƙiyar filasha takan ɗauki kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, sai ta daskarar da motsi. Sai dai kada a haska ƙwaro kai tsaye, jikinsa zai yi ƙyalli ya ɓoye alamun da ake nema. A sa farar takarda ko farar roba tsakanin filasha da shi, hasken ya bazu. Ga abin da ba ya motsi, kamar iri ko busasshen ƙwaro, sandar kyamara mai ƙafa uku da hasken taga sun isa. Kada a dogara da kyamara ta daidaita gani da kanta. A tsai da gilashi a girman da ake so, a riƙa matsawa gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ya fito.

Wanda ba shi da kyamara kada ya ce ba da shi ake ba. Ɗan gilashin da ake maƙala wa wayar hannu ya isa ya nuna harafin Y a kan babbar tsutsa, kuma ƙanƙantar farantin waya na sa wurin da ke fita tangaran ya fi kauri. Ƙwan ƙwaron wake ne dai zai gagare shi.

A fita da sassafe, lokacin da sanyi ya sa ƙwari ba su da kuzari. A lokacin hunturu a guji sauya bututu ko gilashi a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan faranti takan fito baƙi-baƙi a kowane hoto da aka ɗauka a f/16. A ƙalla a hoto ɗaya a ajiye rula kusa da halittar, sa'an nan a rubuta ranar, da sunan garin, da shukar da aka same ta a kai.