Asalin Kalmomin Lokaci: Kirdado da Hujja

Tun zamanin da, masana ke ɗokin gano inda kalma ta samo asali, sai dai sau da yawa kunne ne jagoransu. Fitaccen misali shi ne kalmar Girkanci khronos, wadda ke nufin lokaci. Girkawa suna da wani abin bauta mai suna Kronos, wanda tatsuniyarsu ta ce yakan haɗiye 'ya'yansa da zarar an haife su. Ganin kamannin sunayen biyu, sai magabata suka ce ai abu ɗaya ne, domin lokaci ma yana cinye duk abin da ya haifar. Marubucin Rumawa Cicero ya kawo wannan bayani a littafinsa kan ɗabi'ar alloli a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Bayanin yana da daɗin ji, amma masana ilimin harsuna na zamani ba su karɓe shi ba. Dalili kuwa, sautin farko na kalmomin ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da harafinsa a rubutun Girkanci. Bambancinsu tamkar na /k/ da /ƙ/ ne a Hausa, kuma babu Bahaushen da zai ce kafa da ƙafa tushensu guda.

Kalmar lokaci ita ce ke nuna irin hujjar da ake bukata. Daga Larabci al-waƙt ta fito, tana kuma cikin rukunin tsofaffin kalmomin aro da Joseph Greenberg ya yi nazari a kansu a 1947, waɗanda suka shigo tare da harafin al- manne da su, irin su littafi da labari da lada. Wasalin farko ya faɗi, /wa/ ya rikiɗe ya zama /o/, aka saƙala wasali tsakanin baƙaƙen ƙarshe, sannan aka rufe da /i/, domin galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Daga nan sai ganɗantawa ta mayar da /t/ zuwa /c/, kamar yadda ake gani a mota da motoci. Jam'in kalmar, wato lokuta, ya tona asirin, don kuwa /t/ ɗin asali ya sake bayyana. Kowane mataki yana da abokan tafiya a cikin harshen, abin da bayanin Kronos ya rasa ke nan.

Zamani da sa'a da asuba su ma Larabci ne, agogo kuwa daga Yarbanci. Awa ce ta yi doguwar tafiya: daga Ingilishi ta shigo, shi kuma ya karɓo ta daga Faransanci, asalinta kuwa Girkanci hora ta hanyar Latin, wadda da fari take nufin yanayin shekara. Ashe awar da direba ke lissafawa daga Ungogo zuwa cikin birnin Kano ta fara ne da ma'ana irin ta damina da kaka da rani da bazara, waɗanda manomin yankin ke auna shekararsa da su.

Malamin da aka tura koyarwa Ungogo na iya gamuwa da ɗalibin da zai ce sunan garin daga agogo ya fito. Gwasale shi kuskure ne, amincewa da shi nan take ma kuskure ne. Abin da ya dace shi ne a nemi ya kawo wasu kalmomin da /a/ na farko ya koma /un/ a cikinsu.

Aikin yi: A bi matakan da al-khabar ta bi har ta zama labari, a kwatanta su da na lokaci.