Aman da Ke Dawo wa Yaro Lokaci-Lokaci: Shawara ga Iyayen Girei

Iyaye, akwai yaron da amai ke kama shi, galibi da asuba, ya yi ta kwararawa awa da awanni, wani sa'in kwana biyu, sannan ya warware garau. Bayan makonni abin ya dawo da salo iri ɗaya. Wannan ciwo sananne ne. Likitan Ingila Samuel Gee ya bayyana shi tun 1882, kuma yana da alaƙa da ciwon kai na ɓari ɗaya.

Kafin a yanke cewa shi ne, sai likita ya duba zazzaɓin cizon sauro, taifot da toshewar hanji. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da aman ya tashi, abin da yaron ya ci, da yadda ya yi barci. Yunwa, rashin barci, mura, fargabar jarrabawa da zafin bazarar Yola kan tayar da shi.

Idan ya fara, a kwantar da yaron a ɗaki mai duhu, ba hayaniya. A haɗa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ban da ɗura, ban da sayen magani a kemis da ka.

Aman ya zama kore ko da jini, fitsari ya ɗauke, idanu sun faɗa, ko yaro ya galabaita? A garzaya Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama don ƙarin ruwa.

Akwai magungunan rigakafi da likitan yara ke rubutawa, kuma yawancin yara na rabuwa da ciwon idan sun girma. Ku nemi likita da wuri. Allah ya ba yaranmu lafiya.